Tashi sama da laima: duwatsun Abzin na jiran baƙi, kasuwa na jiran ciniki

Wata Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, muna cikin shirinmu na gaishe-gaishen ƴan kasuwa a gidan rediyo, sai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta bugo waya. Bayan gaisuwa, ta ce ɗanta ne ya nuna mata wani bidiyo cikin salula. Wani Bature ya sheƙo da gudu bisa dutse, wani ƙyalle mai kama da laima ya buɗe saman kansa, ƙafafunsa sunka bar ƙasa, ya yi ta shawagi kamar shirwa. Tambayarta biyu ce. Shin gaskiya ne, ko kuwa haɗin na'ura ne irin na zamani? In kuma gaskiya ne, me ke riƙe da mutumin tunda babu inji? Abin da ya tayar mata da hankali shi ne, washegari ta iske yaron tsaye bisa katanga da laimar ruwa a hannu.

Mun yi mata alkawarin amsa, kuma tunda maganar ta fi ƙarfin minti biyar na rediyo, munka ga ya dace mu kawo ta wannan shafi. Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne. Wasa ne da dubban mutane ke yi a duniya, an kuma taɓa yin irinsa bisa hamadar ƙasarmu Nijar. Akwai kuɗi cikinsa ga ƴan kasuwar garin da ake yinsa, akwai kuma mutuwa ga wanda ya shige shi ba da sani ba.

Laima da fiffike

Kayan tashin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda Faransawa ke kira parapant, mu ce laimar shawagi. Yadin nailan ne mai rufi biyu, an ɗinke shi aljihu-aljihu, bakin kowane aljihu a buɗe ta gaba. In mutum ya ja shi yana fuskantar iska, aljihunan sai su cika, yadin ya miƙe ya ɗauki siffar fiffiken tsuntsu. Faɗinsa yakan kai murabba'in mita 22 zuwa 30, gwargwadon nauyin mai shi. Igiyoyi sirara masu yawa ne ke saukowa daga yadin zuwa wata kujerar ɗamara inda matuƙin ke zaune. Kowane hannu yana riƙe da igiyar birki. In ya ja ta dama ya juya dama, in ya ja ta hagu ya juya hagu, in ya ja su duka ya rage gudu don sauka. Kayan gaba ɗaya suna shiga jakar goyo guda, nauyinsu bai kai rabin buhun gero ba.

Na biyu shi ne deltapilan, fiffike mai kusurwa uku da anka ɗaure bisa sandunan alminiyam. Shi matuƙin kwance yake rub da ciki ƙarƙashin fiffiken, yana riƙe da sanda, yana karkata jikinsa inda yake son zuwa. Ya fi laima gudu da jure iska, amma ya fi ta nauyi, sai an ɗora shi bisa mota.

Marmarin tashi sama tsohon abu ne. Malaman tarihi sun kawo labarin Abbas ibn Firnas, wani masani Musulmi na birnin Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a shekarar 887. An ce ya ɗaura fikafikai ya tashi daga tudu, ya yi ɗan nisa, amma ya ji rauni a baya wajen sauka. Shekaru dubu bayansa, wani Bajamushe mai suna Otto Lilienthal ya yi tashi sama da 2,000 da fikafikan da ya ƙera da kansa, har ranar da iska ta kayar da shi a watan Agusta na 1896, ya mutu. Fiffike mai kusurwa uku ya samo asali daga aikin wani injiniyan Amurka, Francis Rogallo, a 1948, sannan wani mutumin Ostareliya, John Dickenson, ya gyara shi a 1963. Ita kuwa laimar shawagi, a watan Yuni na 1978 ne wasu masu dirowa daga jirgi sunka gwada tashi da ita daga gangaren dutse a ƙauyen Mieussy na ƙasar Faransa. Daga nan wasan ya bazu.

Ungulu ce malamarsu

To, me ke riƙe da mutum a sama? In babu wani taimako, laima sauka take yi a hankali, wajen mita guda kowace daƙiƙa, tana tafiya gaba da gudun kilomita 35 zuwa 40 a awa. Laima mai kyau takan ci mita 8 zuwa 10 gaba kafin ta sauka mita ɗaya. Wato wanda ya tashi daga tudu mai tsawon mita 100, kafin ya cika kilomita guda ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Sirrin daɗewa a sama yana wurin rana. Duk wanda ya taɓa zama rumfar kwano a watan Afrilu ya san yadda zafi ke tashi daga abin da rana ta gasa. Haka ƙasa take. Rana na dukan fako da baƙin dutse, su kuma su gasa iskar da ke kwance bisansu. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta ɓalle ta yi sama kamar hayaƙin murhu, sai dai ido ba ya ganinta. Idan matuƙi ya shiga irin wannan iska mai hawa, kuma hawanta ya fi saukar laimarsa sauri, to sama zai yi. Sai ya yi ta kewayawa cikinta har ta kai shi inda ƙarfinta ya ƙare, ya fita ya miƙe gaba yana neman wata.

Wannan dabara kowa ya taɓa ganinta. Ku tuna lokacin da ungulaye ke da yawa a mahautar gari. Da sassafe suna zaune bisa itace, ba su tashi. Sai hantsi ya yi, ƙasa ta ɗau zafi, sannan su buɗe fiffike su yi ta zagaye suna hawa, ba tare da sun kaɗa shi ba. Shirwa ma haka take yi. Masu laima suna kallon tsuntsayen nan don su gane inda iskar ke hawa. Suna kuma ɗauke da wata ƴar na'ura da ke yin ƙara tsit-tsit in ana hawa, ta sauya murya in ana sauka.

Da wannan dabara kaɗai, ba inji ba fetur, wani Ba'amurke mai suna Dustin Martin ya yi tafiyar kilomita 764 da fiffike mai sanduna a jihar Texas cikin watan Yuli na 2012. A watan Yuni na 2021 kuma, cikin jihar dai, Sebastien Kayrouz ya haura kilomita 600 da laima. Don a gane nisan, daga Ƙonni zuwa Yamai kilomita 420 ne ko kusa da haka.

Dutsen hamada sai gwanaye

Inda rana ta fi zafi kuma iska ta fi bushewa, nan ne iskar hawa ta fi ƙarfi. Shi ya sa gwanayen wasan ke son duwatsun hamada. Wurin da ya fi suna a wajensu shi ne kwarin Owens da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Busasshen kwari ne tsakanin jerin duwatsu biyu da kawunansu sunka wuce mita 4,000. Ana tashi daga gefen dutse a wajen mita 2,700, kuma iskar bazara takan ɗaga mutum har ya wuce mita 5,000. A can sama sanyi ne mai tsanani ko da ƙasa na tafasa, numfashi kuma yana ƙaranci, don haka suke ɗaukar kwalbar iskar shaƙa da rigunan sanyi.

Irin waɗannan wurare ba a kai ɗan koyo. A Faransa, ƙungiyar masu wannan wasa da anka kafa a 1974 tana ba da takardar shaida hawa-hawa, daga ta mafari zuwa ta ƙwararre. A Amurka ma matakai biyar ne. Dalilan da sunka sa ake tsaurarawa a dutsen hamada kuwa, duk mun san su, don muna zaune da su.

Na farko guguwa. Tun muna yara ake hana mu shiga cikinta. Ita guguwa ɗiyar wannan iska mai hawa ce, wadda ta murɗe tana juyi. Wadda ke kwashe rumfar zana a kasuwa ta watsar da tallar mutane, in ta riski laima kusa da ƙasa sai ta naɗe yadin, mutum ya faɗo kafin ya samu damar jefa laimar ceto da ke ɗaure a kujerarsa. Mu muna ganin guguwa ne saboda ƙurar da ta ɗauka. Bisa tsandaurin dutse inda babu ƙura, tana nan tana juyi amma ba a ganinta.

Na biyu iskar da ta fi laima gudu. Tunda gudun laima bai wuce na babur a cikin gari ba, in iskar hunturu ta taso da ƙarfi sai ta tura mutum baya, ta jefa shi bayan dutse inda iska ke birkicewa kamar ruwan gulbi a bayan gada. Ga kuma hazo, wanda ke rufe ƙasa har mutum ya kasa ganin inda zai sauka.

Na uku hadari. Gajimaren hadari yana zuƙar iska daga ƙasa da ƙarfin da ba a iya kuɓuce masa. A watan Fabrairu na 2007, wata gwanar laima ƴar ƙasar Jamus, Ewa Wisnierska, tana atisaye kusa da garin Manilla a Ostareliya, hadari ya zuƙe ta har mita 9,946, sama da dutsen Everest da ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Ta suma a can cikin ƙanƙara, Allah ya yi da sauran kwananta, ta farfaɗo ta sauka da rai. Wani ɗan ƙasar Sin da hadarin ya haɗa da shi bai tsira ba.

Na huɗu nisa da mutane. Wanda ya karye a ƙafa kusa da gari, asibiti ne zai yi masa magani. Wanda ya karye a tsakiyar hamada, ƙishirwa ce za ta riga kowa isa wurinsa. Shi ya sa ba a fita sai da ruwa, da rediyon oba-oba, da na'urar nuna wuri, da mota mai bin mutum a ƙasa.

Saboda haka babban ilimin wasan shi ne sanin ranar da ba a tashi. Gwani yakan hau dutse da kayansa, ya zauna awa biyu yana kallon tsuntsaye da gajimare, sannan ya naɗe laimarsa ya sauko da ƙafa. Hausawa sun riga sun faɗa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ƴan kasuwar albasa sun san irin wannan haƙuri, don wanda ya loda mota ranar da farashi ya karye a Kumasi shi ke kwana da ciwon kai.

Wanda ya yi shawagi bisa Tenere

Ƙasarmu tana da irin wannan wuri. Duwatsun Abzin, arewa da Agadas, su ne inda dankalin turawa da tafarnuwa da lemun Timia ke fitowa zuwa kasuwanninmu. A tsaunin Bagzan ne ƙololuwar Idukal-n-Tages take, mai mita 2,022, wadda ta fi ko'ina tudu a Nijar. Can arewa akwai dutsen Gireban mai mita 1,944, kuma a gindinsa tuddan yashi na Temet suke, waɗanda tsawonsu ke kai mita 300. Gabas da duwatsun sai Tenere, hamadar da ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin kayan gadon duniya.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, George Steinmetz, ya so ya ɗauki wannan yanki daga sama. Matuƙin ƙaramin jirgin da sunka shirya da shi ya janye. Sai ya koyi tashi da laima mai inji, wato laimar shawagi da ake goya wa ɗan inji mai farfela a baya, wadda ba ta bukatar dutse ko filin jirgi, ƴan taku kaɗan na gudu sun isa. A 1998 ya yi shawagi da ita bisa hamadar Nijar, tare da rakiyar wani gwanin Faransa mai suna Alain Arnoux. Kayan duka ba su kai kilo 50 ba, kuma litar fetur goma takan riƙe shi awa biyu ko fiye. Hotunan sun fito a mujallar National Geographic a watan Maris na 1999, daga baya kuma cikin littafinsa African Air na 2008. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Nijar ba sunka ga tuddan Tenere da ayarin gishiri kamar yadda ungulu ke ganinsu.

Abin lura shi ne, irin wannan tashi da sanyin safiya ake yinsa ko da maraice, kafin ƙasa ta gasu ko bayan ta huce. Tsakar rana a hamada ta fi ƙarfin ɗan inji. Ko manyan injuna ma ba su tsira daga iskar Sahara ba. Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren motoci na Pari-Dakar bayan ya ɓace a Tenere bisa babur a 1977, ya mutu ranar 14 ga Janairun 1986 lokacin da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi cikin iska mai ƙura a ƙasar Mali, shi da mutum huɗu. A Tenere anka watsa tokarsa, gindin wani itace da ke tsaye shi kaɗai.

Lokacin da baƙi ke ratsa Ƙonni

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da tumatir a Ƙonni da Baturen da ke lilo a sararin Abzin? Ruwanta shi ne hanya. Duk wanda ya taso daga Yamai ta mota zai tafi Agadas, sai ya ratsa Dosso da Dogonduci ya iso Ƙonni, ya kai mararrabar Tsarnawa, sannan ya karkata arewa zuwa Tawa da Abalak. Mu da munka tashi a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 mun ga zamanin. Da sanyi ya shigo, sai ka ga motocin kat-kat da jarkoki da tayoyi ɗaure a sama, sun tsaya bakin hanya. Su sha mai, su yi canji, su sayi burodi da kilishi da lemu, wasu su kwana a masauki. Mai gyaran taya ya samu, mai shayi ya samu, yaran da ke wanke gilashi ma su samu na kashewa.

Mafi yawan cinikin dai a Agadas yake. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995 da ta kawo ƙarshen tawayen farko, baƙi sun dawo. Jiragen haya na kamfanin Point-Afrique suna tasowa daga Faransa su sauka Agadas kai tsaye lokacin sanyi. Filin jirgin garin yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya yi suna wajen kai baƙi yawon hamada kafin ya shiga tawaye, ya kuma rasu a haɗarin jirgi cikin Abzin a watan Disamba na 1995. Direbobi da masu dafa abinci da masu raƙuma da maƙeran azurfa da dukawa duk suna ci daga wannan sana'a. Kuɗin da sunka samu kuwa kudu yake gangarowa, don hatsi da atamfa da kayan masarufi da Agadas ke amfani da su, da yawansu ta hannun ƴan kasuwar Ƙonni da Maraɗi suke bi.

Sai abubuwa sunka lalace ɗaya bayan ɗaya. Tawaye na biyu ya ɓarke a 2007, ya kai 2009, an kuma dasa nakiyoyi a hanyoyin Abzin. An soke tseren Dakar na 2008 saboda barazanar tsaro, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. A watan Satumba na 2010 an sace ma'aikatan kamfanonin yuraniyom a Arlit. Ranar 9 ga Agustan 2020 an kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure, wurin kallon raƙuman dawa. A watan Oktoba na wannan shekarar, a nan bayan gidanmu, ƙauyen Masalata, anka sace wani Ba'amurke, sai da sojojin ƙasarsa sunka ƙwato shi a arewacin Najeriya bayan ƴan kwanaki. A 2025 ma an sace mata biyu Turawa cikin garin Agadas, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu.

Mai laima, in ya tashi, bai san takamaiman inda zai sauka ba. Iska ce ke yanke masa. Yana iya dira kilomita 50 daga inda ya baro motarsa, shi kaɗai, da jaka a baya. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai je ƙasar da yake tsoron wanda zai tarbe shi a ƙasa ba. Don haka gwanayen sun karkata zuwa Maroko da Namibiya da Afirka ta Kudu da Kenya, kuɗinsu kuma ya bi su.

Abin da mutanen Gana sunka yi

Direbobinmu masu kai albasar Galmi zuwa Akara sun san garin Nkawkaw, bisa hanyar Kumasi, inda mata ke tare motoci da tallar burodi. Saman garin akwai tsaunukan Kwahu. Mutanen Kwahu ƴan kasuwa ne na asali, kuma al'adarsu ce kowa ya koma gida lokacin bikin Ista. A 2005 hukumomin yawon buɗe ido na Gana sunka haɗa wannan biki da wasan laima, bisa shawarar ministan lokacin, Jake Obetsebi-Lamptey. Ana gayyato ƙwararrun matuƙa daga ƙasashen waje, su tashi daga dutsen Odweanoma da ke Atibie su sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Laimar da suke amfani da ita mai ɗaukar mutum biyu ce. Duk mai so ya biya kuɗi, a ɗaure shi gaban matuƙi, ya sha kallo ya sauka, ba sai ya iya komai ba. Annobar korona ta tsayar da bikin a 2020 da 2021, ya dawo a 2022.

Waɗanda ke hawa laimar ƴan kaɗan ne in an gwada da masu zuwa kallo. Ribar tana wurin taron. Masaukai na cika, masu tasi da masu abinci da masu ruwan sanyi da masu ɗinki suna yin cinikin da ba su yi a sauran watanni. Gana ba ta da dutse kamar Bagzan, ba ta da hamada kamar Tenere. Ta dubi taron da take da shi tun da, ta ƙara masa abin kallo, ta kuma tabbatar baƙo zai zo ya koma lafiya.

Mu ma muna da tarukan. Akwai bikin Abzin da ake yi a Iferwan, akwai taron shan gishirin dabbobi na Ingal a ƙarshen damina, akwai Bianu a Agadas, birnin da tsohon cikinsa ya shiga gadon duniya a 2013. A nan yankinmu akwai buɗin daji na Masalata, akwai kokawar gargajiya da ke cika fili. Ranar da hanya ta yi lafiya, ƙara wa ɗaya daga cikinsu irin abin da Gana ta ƙara ba zai gagara ba, muddin ƙwararru ne za su duba wurin da lokacin, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama kuma ta ba da izini.

Kafin wannan rana

Yanzu mu koma ga Hajiya da ɗanta. Laimar ruwa ba ta ɗaukar mutum, haka tamfol, haka zanen gado. Iska za ta juye laimar tun kafin yaro ya kai rabin katanga. Tuddan Adar da muke gani wajen Malbaza da Dogarawa da Galmi, duk da ba su kai na Abzin ba, sun isa su karya ƙashin baya. A gaya wa yara cewa mutumin da sunka gani a bidiyo ya yi watanni yana koyon sarrafa laima a ƙasa, ƙarƙashin malami, kafin a bar shi ya tashi daga ɗan tudu, ya kuma yi shekaru kafin ya doshi dutsen hamada. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba su fid da shi.

Ga ƴan kasuwa kuma, musamman masu harkar gwanjo da kayan da ke fitowa daga Kwatano da Lome, wata rana irin wannan laima za ta iya faɗowa cikin dila. Sabuwa da kujerarta da laimar ceto da hular kwano takan kai miliyan 2 zuwa 3 na sefa, don haka wanda ya same ta da araha zai ga kamar ya tsinci dami a kala. Masu sayar da atamfa sun san abin da rana ke yi wa turmin da ya daɗe a rataye. Haka take cinye nailan. Bayan ƴan ɗaruruwan awoyi a rana, yadin yakan fara yoyon iska, igiyoyin su saki, alhali ido na ganinsa kamar sabo. A ƙasashen da ake wasan, akwai masu auna yadin da na'ura lokaci-lokaci. In ta zo hannunku, ku yi rumfa da ita, kada ku sayar wa matashi da sunan abin tashi.

Abu na ƙarshe ya shafi kowa. Mun ga yadda kasuwar Ƙonni ta yi sanyi lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da anka buɗe. Watanni takwas kawai, amma kowa ya ji a aljihunsa. Mutanen Agadas masu cin abinci daga baƙi sun fi shekara 15 cikin irin wannan hali. Duwatsun suna nan, iskar da ta ɗauki Steinmetz a 1998 tana nan tana hurawa kowace safiya. Tsaron hanya aikin hukuma ne, amma ɗan kasuwa ma yana da nasa, don shi ke ganin wanda ke sayen fetur da buhunan abinci ya nufi daji da su, shi ke jin maganar da ake yi a tasha. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya sanar da hukuma, don cinikinsa yake karewa.

Hajiya ta sake bugo waya a shirin da ya biyo baya. Ta ce ta ɓoye laimar ruwan cikin akwati har damina, yaron kuma yanzu kullum da hantsi yana bakin ƙofa yana ƙirga shirwa. Mun ce ta bar shi ya yi ta kallo, ta kuma dage masa da karatun lissafi da na kimiyya, don ta nan matuƙa ke fitowa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka.